Ba Ni Na Haife Shi Ba

Shafi na 23

Masu turo min saƙo tun da safe wai na bar ku a rataye, ku yi haƙuri. Wallahi ni kaina sau biyu na ajiye rubutun shafin nan saboda takaici. Mu koma ofishin Ɗalha.

Sau uku Injiniya Abdussalam ya karanta layin, yana bin sa da yatsa kamar ɗan aji ɗaya. Rubutun bai canza ba.

"Hajiya Nana Hauwa ta shaida cewa ba ita ta haifi wanda ake tantancewa ba. Ta ce ɗan Salma ne, wadda ke zaune a Tarabulus ta ƙasar Libiya."

A ƙasan layin ga dangwalen babban yatsa da shuɗiyar tawada. Yatsan mahaifiyarsa ne, ko a mafarki ya gan shi zai gane shi, saboda tabon wuƙar da ya ratsa tsakiyarsa.

Ya ɗago ya dubi Malam Ɗalha, jami'in tsaron da aka ɗora wa bincikensa.

"Malam Ɗalha, mene ne wannan?"

"Abin da ka gani."

"Yaushe ka je gidanmu?"

"Ranar Talata da hantsi. Kana wurin aiki."

"Ka tambaye ta me?"

"Abin da ake tambayar kowace uwa. Na ce, Hajiya, Abdussalam Abdallah ɗanki ne? Ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, ni? A'a, ɗan Yaya Salma ne. Na sake tambaya, ta sake faɗa. Na ce ta dangwala, ta dangwala."

Abdussalam ya yi wata irin dariya mai ciwo, ya ture fayil ɗin gefe.

"Ni ne ɗan farinta."

"Haka ka rubuta a fom."

"Ba maganar fom nake maka ba. Kai ɗan wace unguwa ne?"

"Gwale."

"Kai ne babba a ɗakinku?"

"Ni ne na uku."

"To babban wanku, tun da kake ka taɓa jin tsohuwarku ta kira sunansa?"

Ɗalha ya hau gyara birukan da ke kan teburi, waɗanda babu abin da ya same su.

"Tambayarka nake! In baƙo ya tsaya a soronku ya ce da ita, Hajiya, wane ɗanki ne, me za ta ce?"

"Za ta ce ɗan kakarsa ne."

"To!"

"To me, Injiniya?"

"Ka san kara ce. Ka san kunyar ɗan fari ce. Kana ji kana gani ka ɗauki biro ka rubuta, sannan ka miƙa wa tsohuwar da ba ta karanta boko tawada!"

"Na sani," Ɗalha ya faɗa a hankali. "Ɗalha ɗan Gwale ya sani. Amma ba ɗan Gwale aka aika gidanku ba, ma'aikaci aka aika. Duba fom ɗin nan daga sama har ƙasa, ka nuna min layin da aka ware wa kunya."

Kai jama'a! Ku ji min mutum.

Shekara goma sha shida Abdussalam yana aikin na'urorin sadarwa na gwamnati. Duk zamanin soja shi ke hawa ƙarfen eriya da tsakar rana, shi ke gyara musu oba-oba in ta yi shiru, babu wanda ya taɓa tambayarsa wace ce ta haife shi. Yanzu da farar hula suka karɓi mulki, wata ɗaya kenan, aka ce shi ya cancanci ya shugabanci sashen gaba ɗaya. Sai aka ce kujerar tana jin sirrin gwamnati, dole a tantance shi. Da aka buɗe fayil aka ga kakanninsa fatake ne daga Gadamas ta ƙasar Libiya, aka ga shi da iyayensa takarda aka ba su ta zama 'yan ƙasa, shi kenan, aka samu abin yi.

Fom ya tambaya ko yana da uwa, uba, mata ko ɗa a wata ƙasa. Ya rubuta babu. Ya tambayi sauran dangi, ya rubuta Salma, yayar mahaifiya, Tarabulus. Gaskiyar kenan, ko wasali bai ɓoye ba.

"Inna Salma ta yaye ni, ta riƙe ni har na shekara bakwai, a nan cikin Ƙofar Na'isa," ya ce yana ƙoƙarin danne murya. "Mijinta ya ɗauke ta suka tafi, aka mayar da ni gidanmu. Ni ko filin jirgin Tarabulus ban taɓa gani ba."

"Ban musa ba."

"To goge."

"Ba na goge abin da aka dangwala."

"Malam Ɗalha, ka ji tsoron Allah."

"Shi nake ji, sannan ina jin na mutanen sama." Ya matso da kujera, ya rage murya. "Daga ranar da aka rantsar da sabuwar gwamnati zuwa yau mutum tara aka sallama a ofishin nan, wai sun yi wa soja aiki. In na yaga takardar nan gobe wani ya tono, ni ne na goma. 'Ya'yana bakwai, Injiniya. Da a ce kai ɗan ƙasa ne na haihuwa, da ko kallon fayil ɗinka ba za a yi sau biyu ba."

"Na haihuwa? A bayan ɗakin tsohuwata aka binne cibiyata! In kana so zo in ba ka fartanya ka tono."

"Takarda ce ta ba ka ƙasar nan, kuma kai ma ka sani."

Maganar ta shige shi har ƙashi. Ya riƙe bakin teburin don kada hannunsa ya yi abin da zai zo yana da-na-sani.

"In fayil ɗin ya tafi a haka fa?"

"Za a sa masa jan biro, a ce ka ɓoye uwa a ƙasar waje. Kujera ta tafi. Aikin da kake kai ma ya tafi. Kuma za a sake duba takardar taka."

"Yaushe zai tafi?"

"Gobe Juma'a da safe." Ɗalha ya rufe fayil ɗin. "Abin da zan iya yi maka ɗaya ne. Bayan la'asar zan biyo gidanku. In ta canza magana a gabana, sai mu ga abin da ƙa'ida ta ce."

Abdussalam ya fita ko sallama bai yi ba.

*

Bai wuce gida kai tsaye ba. Sai da ya biya Dukawuya ya ɗauko ƙanwarsa Bahijja, malamar firamare, wadda duk gidan aka san bakinta ba shi da birki. Dole ce ta sa, domin shi da mahaifiyarsa ba sa magana sai da ɗan tsakiya. Tun a mota Bahijja take tafa hannu tana salati.

Suka tarar da Nana Hauwa a tsakar gida kan tabarma, faifai a cinya tana tsince alkama. Da ta ga wanda ke bayan Bahijja sai ta gyara mayafi ta juya gefe.

"Nana, barka da gida," ya ce daga inda ya durƙusa.

Ta dubi Bahijja. "Ce masa akwai gurasa a ɗaki."

"Umma, bar maganar gurasa. Me kika faɗa wa mutumin gwamnati ranar Talata?"

"Abin da nake faɗa wa kowa."

"Cewa ba ke kika haifi Yaya ba?"

"Ke, rufe min baki. Wace irin magana ce wannan a gabansa?"

"A gabansa zan yi ta! Kin san abin da kika dangwala wa hannu? Kin shaida cewa Yaya maƙaryaci ne, uwarsa tana Libiya ya ɓoye. Gobe za a kore shi daga aiki, Umma. Har takardarsa za su taɓa."

Hannun tsohuwar ya tsaya cak a cikin alkamar.

"Ni ban ce maƙaryaci ba ne."

"Haka suka rubuta."

"To me kike so in ce? Baƙon namiji ya tsaya min a soro, ya dube ni ido cikin ido, wai ni na haife shi? In wangale baki in ce eh, kamar wadda ba ta da mafaɗi? Ai Yaya Salma na ba wa tun ranar yaye. Ita ta goya, ita ta kai shi allo. Duk unguwar nan ɗan Salma ake ce masa."

"Inna Salma shekara talatin da huɗu rabonta da Kano!"

"Kyauta ba ta tsufa."

"Ikon Allah! Umma, gwamnati ce fa, ba 'yan barka ba ne suka zo."

"Shi yaron da ya zo ba Bahaushe ba ne? Ai na ji Hausa a bakinsa tas. Shi bai san abin da nake nufi ba?"

Nan ne abin ya ƙwace wa Abdussalam. Ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi ba in tana zaune.

"Ya sani, Nana. Ya sani sarai, kuma ya rubuta."

Bahijja ta waiwayo da sauri. "Yaya, bari ni in..."

"A'a, yau ba na son tafinta." Ya fuskanci mahaifiyarsa. "Nana, ranar da na faɗo daga kan ƙarfe na karye biyu, kin zo asibiti kin tsaya a bakin taga kina tambayar nas wai yaya mai gado na huɗu. Ina jin ki. Ban ce komai ba. Ranar ɗaurin aurena kin bar gidan nan kin wuni a maƙwabta. Ban ce komai ba. Ranar da Baba ya rasu kowa kin riƙe shi kun yi kuka, ni kika aiko min da ruwa a kofi. Na sha, na ce al'ada ce, na ce a zuci ina nan. Duk na haɗiye. Amma yau mutanen da nake yi wa aiki kamar jaki sun ce ni baƙo ne a garin da aka haife ni, kuma shaidarsu guda ɗaya ce tak, yatsanki."

Kaza ta zo ta fara tsattsagar alkamar da ta zube, babu wanda ya kore ta.

Nana Hauwa ba ta dube shi ba. Ta kalli Bahijja, amma kowa ya san da wa take.

"Ke kina ganin da haka na tashi?"

"Da yaya kika tashi, Umma?"

"A gidanmu ba a wannan. Kakata in ta ɗauki ɗanta na fari sai ta sumbace shi ta kira sunansa har a ji a waje, haka suka taho da shi daga can. Ni ma ranar suna, ina 'yar shekara goma sha bakwai, da aka shigo aka faɗi sunan, daɗi ya kama ni. Na ɗauke shi a gaban mata na sumbaci goshinsa, na kira sunan da ƙarfi."

Ta share hanci da bakin mayafi.

"Sai gidan ya ɗauki shewa. Wata ta ce, ai dama Larabawa ba su da kara. Wata ta ce, baƙo baƙo ne ko ya shekara ɗari. Har waƙa suka yi min, 'yan mata na daka suna yi. Shekara biyu in na shiga gidan biki sai an taɓa juna. A garin nan aka haifi uwata, Bahijja, a garin nan aka haife ni, amma rana ɗaya suka mayar da ni baƙuwa a kan na kira sunan abin da na haifa."

"Umma..."

"Tun ranar sunan nan na yi rantsuwa babu macen da za ta fi ni kara a cikin ganuwar nan. Kuma babu. Je ki tambaya. Yau in ana koya wa amarya kunya, da ni ake mata misali." Ta buga faifan a ƙasa, alkama ta watse. "Na yi ne don a ce mu ma 'yan gari ne! Don kada a nuna shi a hanya a ce ɗan baƙi. Shekara arba'in ina cizon harshena. Yanzu kuma ku zo ku ce abin da na yi don ya zama ɗan gari shi ne zai fitar da shi daga garin? To ya ake so mu yi? Mu yi kunya a ce mu baƙi ne, mu bar kunya a ce mu baƙi ne!"

Bahijja da ta zo da faɗa sai ga ta tana kuka. Abdussalam ya koma ya durƙusa. Fushin yana nan bai tafi ba, sai dai ya rasa wanda zai ɗora wa a cikin gidan nan.

Ana idar da la'asar aka yi sallama a soro.

*

Bahijja ta shimfiɗa darduma. Ɗalha ya zauna daga bakin ƙofa da jakarsa a cinya, Nana Hauwa daga can ciki ta ba shi gefe, Abdussalam a tsaye jikin bango.

Ko gaisuwar kirki Bahijja ba ta bari an gama ba.

"Kai ne Ɗalhan? Sannu da aiki. Allah ya sa a je gidanku a yi wa taka tsohuwar irin tambayar nan."

"Malama, aiki aka sa ni."

"Aikin ne ya ce ka ajiye hankalinka a gida?"

"Bahijja," Abdussalam ya ce. Ta ja tsaki ta koma gefe.

Ɗalha ya buɗe fayil, ya cire murfin biro.

"Hajiya, zan sake tambayarki kamar ranar Talata. Wannan da ke tsaye, wa ya haife shi?"

Nana Hauwa ta sunkuyar da kai.

Ta kama bakin mayafi tana murzawa. Leɓenta ya motsa, babu abin da ya fito. Gumi ya tsattsafo mata a goshi alhali hadari ne a garin, iska na kaɗawa.

"Hajiya?"

"Umma, don Allah."

"Ni..." Ta runtse ido kamar wadda za a yi wa allura. "Ni na haife shi. A gidan nan, ranar wata Laraba da kaka. Yaya Salma riƙo ta yi."

Bahijja ta ce, "Alhamdu lillahi!" Ta juya ga Ɗalha. "Ka ji ko? Rubuta da manyan baƙi."

Ya rubuta. Amma bai rufe fayil ɗin ba. Sai ya zaro wata takarda daban, wadda aka riga aka buga da tafireta, ya ɗora ƙaramin akwatin tawada a kanta.

"Saura wannan."

"Wannan kuma ta mece ce?" Abdussalam ya tambaya.

"Ta janye magana. Za ta dangwala cewa bayanin da ta ba jami'in hukuma ranar Talata ba gaskiya ba ne, kuma tana sane ta faɗa."

"Tana sane ta yi ƙarya kenan."

"Haka aka tsara takardar, ba ni na tsara ba."

"Kai, Malam!" Bahijja ta miƙe. "Uwar tamu za ka rubuta wa maƙaryaciya?"

"Magana biyu ce a fayil, Malama, kuma sun saɓa. Mutanen sama ba za su karɓi duka biyun ba. Ko shi ya ɓoye, ko ita ta faɗi abin da ba haka ba. Dole fayil ya nuna wanne ne."

Abdussalam ya matso ya ɗauki takardar ya karanta har ƙasa. A layin ƙarshe ya ga an bar gurbi, an rubuta lambar takardar zama ɗan ƙasa ta mai bayani.

"Wannan gurbin fa?"

Ɗalha ya kawar da kai.

"Hajiya ma ai da takarda take zaune."

"Wato in ta dangwala, tata takardar za a duba."

"Za a iya kiranta hedikwata. Za a iya dubawa. Ban ce za a karɓe ba, ban kuma ce ba za a karɓe ba."

"Kuma ka san da wannan tun da safe, ka bar ni na zo na tayar wa tsohuwa hankali?"

"Da na faɗa maka da ba ka bari na zo ba."

"Tashi ka fita." Abdussalam ya jefa masa takardar a cinya. "Ku riƙe kujerarku. Ku riƙe aikin. Sa jan biron, in bai isa ba in sayo maka wani. Matar da ko Zariya ba ta taɓa kwana ba za ku kira hedikwata ku tambaye ta ƙasarsu? Wallahi ba da raina ba."

Ɗalha ya fara tattara takardu. Sai muryar Nana Hauwa ta fito, a natse, ba rawa.

"Bahijja, tambaye shi. In na dangwala, an wanke wancan?"

Ɗalha bai jira tafinta ba. "An wanke shi, Hajiya. Tas."

"Ba za a kore shi ba?"

"Ba za a kore shi ba."

"Ba wanda zai sake ce masa baƙo?"

Ɗalha ya dubi takardun da ke cinyarsa. "A fayil dai babu."

"Miƙo."

"Umma, a'a!"

"Nana, kada ki taɓa takardar nan!"

Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta jawo akwatin tawadar da kanta, ta danna babban yatsanta a ciki har sai da ya jiƙe, ta ɗaga shi ta nufi takardar da Ɗalha ya shimfiɗa a kan jaka.

Abdussalam bai san lokacin da ya tsallake dardumar ba. Ya cafke wuyan hannunta, yatsan na saman takardar, tazarar da ke tsakani ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Hannun siriri ne, ya ji jijiya na bugawa a cikinsa. Rabonsa da ya taɓa hannun nan tun bai san kansa ba.

Ta ja, ya riƙe. Ta sake ja.

Sannan ta ɗago kai, a gaban baƙo, a gaban Bahijja, ta dube shi tsakiyar ido.

"Saki hannuna, Abdussalam."

Shekara arba'in da ɗaya yana jiran ya ji sunan nan a bakinta.

Bai saki ba.